TASIRIN ZIZAR BAƘI A KAN WASALI: HAUSA A MADUBIN HARSHEN LITUWENIYA

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayanin yadda baƙi yake taɓa wasalin da ke maƙwabtaka da shi ta fuskar ziza, watau kaɗawar tantanin maƙwallato ko rashin kaɗawarsa sa'ad da ake furta baƙin. Galibin littattafan da muke koyarwa da su a kwalejojin ilimi sukan jera baƙaƙe a babi guda, su jera wasula a wani babin, kamar dai kowanne zaman kansa yake yi. A bakin mai magana kuwa ba haka abin yake ba. Kafin harshe ya gama furta wasali ya riga ya kama hanyar baƙin da ke gaba, kuma maƙwallato bai gama sakin baƙin baya ba sa'ad da wasalin ya fara. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To, haka wasali yake kwasar wani abu daga baƙin da ya zauna kusa da shi.

Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, asalin wannan tasiri daga halittar maƙwallato yake, amma kowane harshe shi ke yanka masa iyaka gwargwadon aikin da ya riga ya ɗora wa wasulansa. Hausa ta ɗora wa tsawon wasali da karin sauti nauyin bambanta ma'ana, saboda haka filin da ta bar wa ziza ƙarami ne. Za a kawo harshen Lituweniya domin tsarin wasulansa ya yi kama da na Hausa a wani wuri na musamman, kuma binciken da aka yi a kansa yana nuna mana inda ya kamata mu sa kunne a namu harshen.

Misalan Hausa da ke cikin takardar an ɗauko su ne daga Hausar da ake yi a Taura da kewayenta, cikin masarautar Ringim ta Jihar Jigawa. Wannan Hausa reshen Kananci ce, kuma yankin yana cikin Jihar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. A cikin misalai an ninka wasali don nuna dogo, an bar gajere shi kaɗai. Karin sauti kuwa ba a nuna shi ba sai inda bayani ya bukata.

2.0 ZIZA DA ABUBUWAN DA AKE AUNAWA

Idan iska ta taso daga huhu ta tarar da tantanin maƙwallato a kusa da juna, sai ta kaɗa su, a sami sauti mai ziza. Idan ta tarar da su a buɗe, sai ta wuce ba tare da kaɗawa ba, a sami sauti maras ziza. Mai son ya tabbatar da wannan ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ja z, sa'an nan ya ja s. Ga zubin kamantau, watau kalmomi biyu-biyu waɗanda ziza kaɗai ta raba su:

soo da zoo
ci da ji
karaa ta kunya da garaa mai cin itace
kooraa da gooraa na zuba ruwa

Tun daga shekarun 1940, lokacin da aka ƙera na'urar zana sauti a ɗakunan binciken kamfanin Bell na Amurka, masana suka sami damar ganin magana a kan takarda. Littafin da Potter da Kopp da Green suka fitar a 1947 shi ya fara baza irin waɗannan zane-zane. Gani ya kori ji. Daga nan aka fara auna wasali ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce tsawo, watau lokacin da wasali ya ci daga farawarsa zuwa ƙarewarsa. Ana ƙirga shi da milisakan, kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan.

Hanya ta biyu ita ce saurin kaɗawar tantani. Muryar namiji baligi takan kaɗa wajen sau 120 a sakan ɗaya, ta mace kuwa wajen sau 220. In kaɗawar ta ƙaru kunne ya ji murya ta hau, in ta ragu ya ji ta sauka. Karin sama da karin ƙasa na Hausa a kan wannan aka gina su.

Hanya ta uku ita ce zangon amo. Kogon baki da na maƙoshi sukan ƙarfafa wasu sassan amo su danne wasu, kuma sassan da aka ƙarfafa su ne ke fitowa baƙi ƙirin a zanen na'ura. Zango na ɗaya yana bin buɗewar baki, shi ya sa yake sama a wasalin a, yake ƙasa a wasulan i da u. Zango na biyu yana bin matsayin harshe, gaba ko ƙurya.

Ziza tana taɓa duka ukun. A wannan takarda an fi ba da ƙarfi ga tsawo da kaɗawa, don su ne Hausa take bambanta kalmomi da su ba tare da rubutunmu na yau da kullum ya nuna ba.

3.0 ABIN DA AKA GANO A HARSUNAN DUNIYA

3.1 Tsawon wasali kafin baƙi

A 1953 House da Fairbanks suka auna wasulan Ingilishin Amurka, suka tarar wasali ya fi tsawo idan baƙi mai ziza ya kewaye shi. A 1960 Peterson da Lehiste suka ƙara aunawa, suka nuna cewa wasalin da ke gaban baƙi maras ziza yakan kai misalin kashi biyu cikin uku na wanda ke gaban mai ziza. Wasalin da ke cikin bead ya fi na beat tsawo ke nan, ko da yake ƙwayar sauti ɗaya ce.

A 1970 Matthew Chen ya gwada Ingilishi da Faransanci da Rashanci da Koriyanci. A duka huɗun wasali ya fi tsawo kafin baƙi mai ziza, sai dai ratar ba ɗaya ba ce. A Ingilishi gajeren ya tsaya wajen kashi 60 cikin 100 na dogon, a sauran ukun kuwa wajen kashi 80 ko fiye. Bayan haka Patricia Keating ta nuna cewa a harshen Folan da na Cek da ƙyar ake ganin wata rata, haka kuma Flege da Port suka samu a Larabcin Saudiyya a 1981. Ashe ke nan abin ba doka ɗaya ba ce da ta hau kan kowa. Ingilishi ya ɗauki ɗan bambancin da halitta ta bayar ya faɗaɗa shi har ya zama alamar da mai sauraro ke dogara da ita. Wasu harsunan sun bar shi yadda yake, wasu kuma sun danne shi.

3.2 Kaɗawar murya bayan baƙi

Idan wasali ya biyo baƙi maras ziza, yakan fara da kaɗawa mai sauri sa'an nan ya gangaro. Idan ya biyo mai ziza, yakan fara a ƙasa sa'an nan ya hau. Dalilin yana cikin maƙwallato. Kaɗawa ba ta yiwuwa sai iska tana wucewa ta tsakanin tantani. A wajen furta b ko d ko g baki a rufe yake, iska tana taruwa a cikinsa, kuma da zarar matsinta ya yi daidai da na huhu kaɗawa za ta tsaya. Don a jinkirta haka mai magana yakan sassauta tantani, ya ɗan saukar da maƙwallato domin kogon ya ƙara faɗi. Sassautaccen tantani kuwa a hankali yake kaɗawa, kamar sakakkiyar tsarkiyar garaya. A wajen t ko k tantanin a ɗaure yake, saboda haka wasalin da ya biyo baya sai ya fara da ƙarfi. Wannan saukar maƙwallato ita ce kuma take sa zangon amo na ɗaya ya fara daga ƙasa bayan baƙi mai ziza.

Ɗan bambancin nan yana iya girma ya zama kari. A 1954 Haudricourt ya nuna cewa harshen Biyetnam ya sami kare-karensa ne daga baƙaƙen da suka ɓace ko suka sauya: sa'ad da bambancin ziza a farkon gaɓa ya gushe, hawa da saukar muryar da ya haifar sai suka gaje aikinsa. A 1979 Hombert da Ohala da Ewan suka yi bayanin wannan ta hanyar awo, suka kuma lura da cewa a Yarbanci, wanda harshe ne mai kari, tasirin baƙi a kan kaɗawa yakan gushe da wuri fiye da yadda yake yi a Ingilishi. Watau harshen da ya riga ya ba kari aiki ba ya barin baƙi ya daɗe yana wasa da shi.

4.0 HARSHEN LITUWENIYA

Lituweniya ƙasa ce a gaɓar Tekun Baltik a arewacin Turai, babban birninta Vilnius, masu jin harshenta kuwa wajen miliyan uku ne. Babu dangantakar asali tsakaninsa da Hausa, don shi daga zuriyar harsunan Indiya da Turai yake, Hausa kuwa daga reshen Cadi na zuriyar Afirka da Asiya. Kamar da ke tsakaninsu ta tsari ce kawai.

A wannan harshe tsawon wasali yana bambanta ma'ana. Akwai gajeren i da dogo wanda suke rubutawa y, akwai gajeren u da dogon ū, haka nan a da e suna zuwa dogaye da gajeru. Amma wasula biyu, ė da o, dogaye ne kurum a kalmomin asali, ba su da gajerun takwarori. Gajeren o sai a kalmomin aro. Haka kuma harshen yana da nason ziza, inda baƙi ke ɗaukar halin wanda ke binsa: kalmar dirbti, wadda ke nufin yin aiki, da p ake furta ta saboda t da ya biyo.

Rebeka Campos-Astorkiza ta yi amfani da wannan rashin daidaito a kundin digirinta na uku a Jami'ar Kudancin Kaliforniya a 2007. Ta auna wasulan kafin baƙaƙe masu ziza da marasa ziza, ta tarar ratar ta fi faɗi a kan ė da o, ta fi ƙunci a kan wasulan da ke da takwara. Hikimar a fili take. Gajeren wasalin da ke da dogon takwara, in ya miƙe da yawa kafin baƙi mai ziza, zai shiga gonar takwaransa, ma'ana ta rikice. Dogon ma in ya taƙaice da yawa kafin maras ziza haka ne. Wanda ba shi da takwara kuwa babu gonar da zai shiga, don haka harshe ya sakar masa linzami.

5.0 HAUSA

5.1 Matsayin maƙwallato iri uku

A Ingilishi da harshen Lituweniya maganar ziza ta tsaya a gida biyu. A Hausa gida uku ne, domin ban da mai ziza da maras ziza akwai baƙaƙen da ake furtawa da ƙuntataccen maƙwallato, watau haɗiyau ɓ da ɗ, da tunzuɗau ƙ da ts, da kuma 'y da hamza. Alal misali:

barii da ɓarii
daidai da ɗaiɗai
kafaa da ƙafaa
saaraa da tsaaraa

Wani abin lura kuma shi ne Hausa ba ta da p a matsayin ƙwayar sauti mai zaman kanta. Baƙin f ne ke zaune a gurbin, kuma a bakin mutanen Kano da Ringim da Taura da leɓɓa biyu ake yinsa, sau da yawa ma har su haɗe ya fito kamar p. Saboda haka kafaa da kabaa zubin kamantau ne na ziza.

5.2 Inda Hausa ta toshe hanya

Tasirin ziza a kan tsawo ya fi ƙarfi a Ingilishi idan baƙin yana rufe gaɓa, kamar a bag da back. Wannan muhalli kusan babu shi a Hausa, saboda dalilai uku.

Na farko, wasalin rufaffiyar gaɓa gajere ne ko yaushe. Gidaa in ya ɗauki -n sai ya koma gidan, raagoo ya koma raagon. Doka ce ta tsarin gaɓa wadda ba ta duban zizar baƙin da ya rufe.

Na biyu, tsayau da yawa da suka taɓa rufe gaɓa sun narke tun da daɗewa, bisa dokar da August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920. Jam'in zuuciyaa shi ne zukaataa, jam'in buuzuu kuma bugaajee. A tilo, k maras ziza da g mai ziza duk sun koma u. A Kananci leɓantattu ma sun bi sahu, shi ya sa mutumin Taura ke cewa sauroo da audugaa inda Basakkwace ke cewa sabroo da abdugaa.

Na uku, 'yan baƙaƙen da suka rage a ƙarshen gaɓa suna bin zizar wanda ke gabansu, kamar dai yadda muka gani a dirbti. Muna cewa fuskaa da askaa da s, amma fizgee da mazgee da z. Saɓanin da ake gani a rubutu tsakanin tabki da tafki ma daga nan ya samo asali.

Abin da ya rage ke nan shi ne muhalli biyu: inda baƙin ke buɗe gaɓar gaba, kamar faataa ta dabba da faada ta sarki, da kuma inda baƙi ya ninku, kamar hattaa da haddaa.

5.3 Wasulan e da o

A buɗaɗɗiyar gaɓa ta tsakiyar kalma, wasulan a da i da u suna zuwa dogaye da gajeru, kuma tsawon ne ke raba ma'ana:

garii na mutane da gaarii na tuwo
dafaa abinci da daafaa bango
fitoo na jirgin ruwa da fiitoo na baki

Wasulan e da o kuwa a wannan muhalli dogaye ne a kalmomin asali: geeroo, reeshee, gooroo, zoobee. Gajerunsu ba sa fitowa sai a ƙarshen kalma, ko kuwa a rufaffiyar gaɓa inda doka ta gajarta su, kuma a can ma sukan karkata zuwa a, kamar yadda ake jin zobbaa a bakin mutane da yawa tamkar zwabbaa. Paul Newman ya yi cikakken bayanin wannan a babban nahawunsa na 2000, kuma tun 1985 Mona Lindau-Webb ta auna wasulan Hausa ta nuna cewa gajerun sun fi dogayen karkata zuwa tsakiyar baki da bin halin baƙaƙen da ke kewaye da su.

To, a nan ne Hausa ta yi kama da harshen Lituweniya: wasu wasula masu takwara, biyu marasa takwara, kuma a duka harsunan biyu na tsaka-tsaki ne suka rasa takwara. In ƙa'idar da aka gani a can ta tabbata a nan, ratar da ke tsakanin oo na dookii da na doogoo, ko ee na meesaa da na reezaa, za ta fi wadda ke tsakanin aa na faataa da na faada. Mafi ƙuncin rata kuma za a same ta a gajeru, kamar masa da mazaa, ko suka da suga, domin gajeren wasali in ya miƙe kaɗan ya kusa zama wata kalma. Wannan hasashe ne da ake iya gwadawa, kuma Hausa wuri ne mai kyau na gwada shi.

Masu nazarin waƙa za su ga wata shaida daga nasu fannin. Ma'aunin rubutacciyar waƙa yana ƙirga gaɓa mai nauyi da maras nauyi, kuma ma ta mazaa da ma ta masa duk marasa nauyi ne a wurin mawaƙi. Duk ɗan ƙarin da z ya jawo bai isa ya karya ma'auni ba.

5.4 Karin sauti da maƙwabtanmu na gabas

A Hausa baƙi ba ya zaɓar wa gaɓa kari. Gadoo na kwanciya da g mai ziza ya fara, amma karin sama yake ɗauke da shi. Karee da k maras ziza ya fara, amma gaɓarsa ta farko karin ƙasa ce. Baabaa na rini sama-sama ne, baaba mahaifi kuwa ƙasa-sama, alhali baƙaƙensu ɗaya. Saboda haka tasirin ziza a kan kaɗawa a Hausa abu ne na bakin wasali kawai, wanda na'ura ke gani a milisakan na farko kafin murya ta kama karin da kalma ta tanada.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga harshen da abin ya wuce haka. Badanci na yankin Gashuwa da harshen Ngizim na Fataskum 'yan'uwan Hausa ne a reshen Cadi ta yamma. Russell Schuh ya nuna cewa a waɗannan harsuna karin sama yakan yaɗu daga gaɓa zuwa ta gaba, amma in gaɓar ta fara da tsayau ko zuzau mai ziza, kamar b, d, g, z, sai yaɗuwar ta tsaya. Hyman da Schuh sun kawo wannan a maƙalarsu ta 1974 a kan dokokin kari. A nan ziza ta tashi daga abin da na'ura kaɗai ke gani ta zama dokar nahawu. Kuma harsunan Auyo da Tashena da Shira, waɗanda aka taɓa yi a gabas da Taura kafin Hausa ta maye gurbinsu, dangin Badanci ne, kamar yadda Schuh ya nuna a 2001. Wannan ya isa dalilin da zai sa mai nazarin Hausar Haɗeja da Auyo ya auna kaɗawar murya bayan baƙaƙe masu ziza ya kwatanta da ta Taura.

5.5 Haɗiyau da tunzuɗau

Ana sa ɓ da ɗ cikin masu ziza, amma halinsu da wasali dabam ne. Greenberg ya lura a 1970 cewa haɗiyau ba sa saukar da kari yadda b da d suke yi, kuma a Badanci da Ngizim ba sa tare yaɗuwar karin sama. Dalili shi ne a wajen furta su tantani a matse yake. Carnochan ya yi bayanin wannan matsewa a Hausa tun 1952, Lindau ta auna ta a 1984, sa'an nan Lindsey da Hayward da Haruna suka bi ta da na'urar lura da maƙwallato a 1992. Abin da kunne ke ji shi ne wata 'yar ƙugi ko gurgurar murya a gefen wasalin da ke maƙwabtaka da baƙin. A wajen tunzuɗau ƙ, Lindau ta kwatanta Hausa da harshen Nabaho na Amurka, ta tarar a Nabaho akwai dogon shiru tsakanin fashewar baƙin da farawar wasali, a Hausa kuwa tazarar gajeriya ce, wasalin kuma yakan fara da kaɗawa maras daidaito. Ke nan wani ɓangare na abin da ke raba kafaa da ƙafaa a cikin wasali yake zaune. Wanda zai auna faataa da faada dole ya haɗa da faaɗaa, ya ware ta a rukuni na uku.

6.0 YADDA ZA A AUNA

A shekarun 1970 wannan aiki sai wanda ya sami shiga ɗakin bincike mai na'ura. Yanzu manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, kyauta ake samunta, kuma ƙaramar kwamfuta ta isa. Ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Gumel ko Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa yana iya yinsa. Sai dai akwai sharuɗɗa huɗu da in aka sake su awon zai ɓaci.

(a) Kada a ɗauki kalma ita kaɗai. A sa ta cikin jumla ɗaya tak, kamar "Ya ce faada sau biyu." Roxana Ma Newman da van Heuven sun nuna a 1981 cewa wasalin ƙarshe kafin tsayawa yana da nasa hali, har gajere yakan ƙare da hamza.

(b) A daidaita kari a gaɓar da ake aunawa. Ba a kwatanta kaasaa ta gazawa da kaazaa, don ɗaya sama ce ɗaya ƙasa.

(c) A daidaita gurbin furuci da yanayinsa, t da d, k da g, s da z. Wasali ya fi tsawo kafin zuzau a kan kafin tsayau ko da ziza ɗaya ce.

(d) A rubuta asalin mai magana. A kasuwa irin ta Gujungu ana jin Hausar Kano da ta Gumel da ta Haɗeja da ta Fulanin da Fillanci ne harshensu na farko. In aka gauraya su, ba za a san ko bambancin na ziza ne ko na karin harshe ba.

7.0 AMFANIN WANNAN GA MALAMI

Wanda ya taɓa duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a makarantun yankinmu ya san yadda darasin furucin Ingilishi yake tafiya. Yaro ya furta bag da back iri ɗaya, ko prize da price, malami ya yi ta matsa masa ya fito da baƙin ƙarshe. Yaron sai ya ƙara wasali ya ce bagi, domin harshensa bai saba rufe kalma da tsayau mai ziza ba. Alhali shi kansa Bature ba ya cika kaɗa tantani a wannan baƙi na ƙarshe. Denes a 1955 da Raphael a 1972 sun nuna cewa in aka ƙara ko aka rage tsawon wasali, mai sauraron Ingilishi yakan sauya hukuncinsa a kan baƙin da ya ji. Alamar tana cikin wasali.

Yaron Bahaushe kuwa gwani ne a jin tsawon wasali, tun yana goye yake raba garii da gaarii. Malamin da ya ce masa ya ja wasalin bag ya datse na back ya yi amfani da abin da yaron ya riga ya mallaka. Sai dai a faɗakar da shi cewa wannan ja na Ingilishi baƙin gaba ne ke jawo shi, kada ya ɗauka irin na gaarii ne wanda yake na kalmar kanta.

Haka nan masu haɗa na'urorin da ke karanta Hausa da murya ko rubuta abin da aka faɗa suna fuskantar rubutun da ba ya nuna tsawo ko kari. Dole na'urar ta rarrabe tsawon da ke ɗauke da ma'ana daga wanda maƙwabtaka ta jawo, in ba haka ba ta dafa abin da aka ce ta daafa.

8.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan takarda cewa ziza tana ƙara wa wasalin da ya gabace ta tsawo, tana kuma saukar da kaɗawar wanda ya biyo ta, kuma girman wannan tasiri ya danganta da tsarin kowane harshe. Ingilishi ya faɗaɗa na tsawo, Biyetnam da Badanci sun mayar da na kaɗawa wani ɓangare na tsarin kari. Hausa ta rufe yawancin muhallan da tasirin ke bunƙasa a cikinsu ta hanyar dokokin gaɓa, ta kuma riƙe tsawo da kari don aikin ma'ana. Binciken harshen Lituweniya ya nuna cewa inda wasali ba shi da takwara a nan tasirin ya fi sakewa, kuma a Hausa ee da oo na tsakiyar kalma su ne ke wannan matsayi. Shawarar da takardar take bayarwa ita ce sassan Hausa na manyan makarantun Jigawa su sa awon dookii da doogoo, da faataa da faada da faaɗaa, cikin ayyukan ɗalibai na shekarar ƙarshe, a fara da masu magana daga Taura, a bi da na Haɗeja da Gumel, domin a sami alƙaluman da za a kwatanta da na sauran harsuna.